Maleshiya ko Tailan: wacce ta fi dacewa da abokai 'yan jakar goyo?

Idan abokai huɗu ko biyar suka shekara suna tara kuɗi don su ga kudu maso gabashin Asiya da jaka a baya, gardamar da ke fara shiga tsakaninsu kusan kullum ɗaya ce: Maleshiya ko Tailan? Ƙasashen maƙwabtan juna ne, kuma hotunan da ake gani a waya duk iri ɗaya ne, ruwa shuɗi da itatuwan kwakwa. Amma tafiyar da za ku yi a wannan ba ita za ku yi a waccan ba. Tun daga farko zan faɗi inda na karkata. Ga ayarin da wannan ce fitarsa ta farko, kuma yawancinsa Musulmi ne masu kula da abin da ke shiga cikinsu, Maleshiya ta fi. Tailan ta fi ta abin kallo, ta fi ta arahar wurin kwana, sai dai kowace rana tana cin wani abu daga ƙarfinku da haƙurinku. Akwai kuma ayarin da Tailan ɗin ce daidai da shi, zan zo kansa.

A fara da takarda, don ita ke kashe tafiya tun ba a ɗaure kaya ba. Yawancin abin da za ku karanta kan yawon jakar goyo a yankin nan Turawa ne suka rubuta wa 'yan'uwansu, mutanen da ke sauka a filin jirgi a buga musu hatimi su wuce. Mai koren fasfon Najeriya ba haka lamarinsa yake ba. Duka ƙasashen biyu sai da biza tun daga gida, kuma kowacce tana da ofishin jakadanci a Abuja. Za a nemi tikitin zuwa da dawowa, shaidar masauki da bayanin asusun banki. Ga kuma takardar wanke kai ta hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, wadda bai kamata a bar ta sai ƙurarren lokaci ba. Katin rigakafin shawara dole ne a duka biyun. A Bankok ma akwai teburin jami'an lafiya da za ku fara tsayawa da katin kafin ku shiga layin shige da fice. Wanda ya tsallake shi, sai ya kai gaban layi a ce ya koma. Kowace ƙasa kuma tana da fom ɗin isowa da ake cikewa ta intanet kwanaki kaɗan kafin a sauka.

Ga wani abu da ke rusa shirin mutane da yawa. A taswira, abu mafi daɗi shi ne a sauka Bankok, a gangaro kudu a jirgin ƙasa har Hat Yai, a tsallaka iyaka a Padang Besar, a ƙare a Kuala Lumpur. Turawa haka suke yi. To amma Najeriya, Nijar, Gana da Kamaru suna cikin jerin ƙasashen da Maleshiya ta ce 'yan ƙasarsu ta filin jirgin sama kaɗai za su shigo. Ke nan wanda ya nace sai ya haɗa ƙasashen biyu, zai nemi biza biyu, ya sayi ƙarin tikitin jirgi, ya amsa tambayoyin jami'ai sau biyu. Da mako biyu ko uku a hannu, wannan ɓarnar kuɗi ce da lokaci. Ku zaɓi ɗaya ku ci moriyarta sosai. Dokokin nan kan sauya, don haka ku ji ta bakin ofishin jakadancin kafin kowa ya biya kuɗin jirgi.

Jirgin kansa bai isa ya raba gardama ba. Babu mai tashi kai tsaye, za ku sauya a Doha, Adis Ababa ko Istanbul. Bankok na gaban Najeriya da awa 6, Kuala Lumpur da awa 7.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: abinci. Ba don ciki ya fi komai ba, sai don abu ne da ke dawowa sau uku a rana, kuma yunwa a baƙon gari ita ke fara ɓata tsakanin abokai. Mutum ɗaya zai ci duk abin da ba alade ba, na biyu sai ya ga tambarin halal, na uku yana tambayar da wane mai aka soya. A gida wannan bambancin ba ya fitowa. A titin da ba wanda ya iya karanta allon shago, da ƙarfe tara na dare, yana fitowa fili.

A Maleshiya wannan rigimar ba ta ma tasowa. Sama da kashi 60 cikin ɗari na mutanen ƙasar Musulmi ne, hukumar JAKIM ke ba da shaidar halal, kuma tambarinta na manne a ƙofar shaguna da jikin kayan gwangwani. Abin da zai riƙe ku shi ne shagunan da ake kira mamak, na Musulmi 'yan asalin Indiya. Teburin mai shayi ne da aka faɗaɗa: kujerun roba har bakin titi, talabijin na nuna ƙwallo, da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Ku tsaya ku kalli mai yin roti canai. Zai ɗauki curin ƙullun da ya sha mai, ya daɓe shi a kan faranti, ya riƙa wulwula shi a iska yana makawa har ya yi siriri ana hango hannunsa ta ciki, ya ninke, ya jefa a kan ƙarfe mai zafi, in ya soyu ya tafa shi tsakanin tafukansa don ya yi laushi. A kawo muku da miyar wake da romon kori, a haɗa da teh tarik, shayi da madara da ake zubawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Ringit (kuɗin ƙasar) kaɗan ne, kuma mutum huɗu za su tashi a ƙoshe. Da safe akwai nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da miyar barkono, soyayyar gyaɗa, ƙananan busassun kifi da ƙwai. A Penang akwai nasi kandar, inda ake kwarara miya kala uku ko huɗu a kan shinkafa ɗaya. Da yamma ga tsirensu, sate, da miyar gyaɗa mai zaƙi-zaƙi. Wuri guda da za ku buɗe ido shi ne rumfunan 'yan asalin Sin, musamman a George Town, babban birnin Penang, inda shahararriyar soyayyar taliya char kway teow kan sha kitsen alade. Ko nan ɗin, in kun nema, akwai Malayawa masu yin ta halal.

Tailan kuwa ƙasar mabiya Buda ce, sama da kashi 90, Musulmi kusan kashi 5. Alade na ko'ina, kuma ba a naman da ido ke gani kaɗai ba: yana cikin romon taliya, yana cikin man suya, yana cikin ƙwallon naman da ake cewa na kifi ne. Cewa "mai sai mu", wato kar a sa alade, yana hana a zuba muku yanka, amma ba ya sauya tukunyar da aka dafa romon. Wannan ba ya nufin za ku kwana da yunwa. Halal na nan, sai dai nemansa ake yi. A Bankok akwai unguwar Larabawa a Sukhumvit Soi 3, akwai kewayen masallacin Haroon a Bang Rak, akwai unguwar Ramkhamhaeng. A Chiang Mai, lungun masallacin Ban Haw kusa da kasuwar dare cike yake da abincin Musulmi 'yan asalin Yunnan ta ƙasar Sin, kuma a nan za ku sha khao soi, taliya a cikin romon kwakwa da kori da cinyar kaza, a barbaɗa soyayyar taliya a sama, a matsa lemun tsami. Ni a ganina babu kwano ɗaya a Maleshiya da ya kamo shi. Ga khao mok kai, dafa-dukar kaza mai kurkur, ga shinkafa mai danƙo da mangwaro wadda ba ta da wata shubuha. Alamar da za ku nema ita ce tambarin Majalisar Musulunci ta ƙasar, ko jinjirin wata da tauraro a jikin amalanke, ko mai sayarwa da ɗankwali ko hula. Matsalar ita ce nisa. Kuna can gindin wani wurin tarihi da azahar, abincin da kowa ya yarda da shi yana wata unguwa, sai an shiga mota. Rana ɗaya ba komai ba ne. Mako biyu a jere, sai ka ga an fara cin burodi da ayaba daga shagon 7-Eleven ana kumbure-kumbure.

Kudancin Tailan daban ne, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. A lardin Krabi, a tsibiran Ko Lanta da Ko Yao Noi, a Satun, Musulmi suna da yawa ƙwarai, wasu ƙauyukan ma kusan duk su ne. Za ka ji kiran salla a Ao Nang kana tsaye a bakin teku. A mashigin Phang Nga akwai Ko Panyi, ƙauyen masunta Musulmi da aka gina a kan turaku cikin ruwa, da masallacinsa da filin ƙwallo mai yawo a kan ruwa. Wanda ya tsara tafiyarsa ta Tailan ta karkata kudu ya rage rabin wahalar abinci. Sai dai a tsaya a nan: lardunan Pattani, Yala da Narathiwat na can ƙarshen kudu suna fama da tashin hankali tun 2004, ba wurin yawon baƙo ba ne.

Salla ma haka take. A Maleshiya duk babban kanti, tashar mota, gidan mai da wurin hutawar matafiya a babbar hanya yana da surau, ɗakin salla da wurin alwala, maza daban mata daban. Banɗakuna suna da bututun ruwa, ba sai an yi ta yawo da gora ba (wannan kam har a Tailan ana samu). A rufin ɗakin otal za ku ga ƙaramar kibiya an rubuta Kiblat. Ku bi ta, domin jikinku zai so ya fuskanci gabas, alhali daga can alƙibla tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa. Lokutan ma za su ba ku mamaki: agogon ƙasar ya yi gaba da rana, a yawancin shekara azahar ba ta shiga sai bayan ƙarfe ɗaya, magariba bayan bakwai. Shafi'awa ne, za ku ji bisimilla a bayyane da ƙunutu da ƙarfi a asuba. Juma'a a Masjid Negara, wanda aka buɗe a 1965, ko a Masjid Jamek na 1909 da ke daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, tana cikin abubuwan da za ku daɗe kuna tunawa. A Tailan filayen jirgi da wasu manyan kantunan Bankok suna da ɗakin salla, masallatai ma suna nan, amma a arewa da tsakiyar ƙasar za ku dogara ne da kasaru da haɗa salloli, da ƙaramar darduma a jaka.

To me ya sa har yanzu ake gardama? Saboda in aka zo abin da ido zai gani, Tailan ba ta da na biyu a tsakaninsu. Bankok kaɗai ta isa: ka shiga jirgin ruwan haya a kogin Chao Phraya da 'yan canji, ka wuce gidan ibadar Buda na Wat Arun da hasumiyarsa da aka lulluɓe da fasassun tangaran, ka sauka ka ga gunkin Buda na Wat Pho a kishingiɗe, tsawonsa mita 46. Awa ɗaya da wani abu a jirgin ƙasa ga Ayutthaya, tsohuwar hedikwatar da sojojin Bama (Myanmar ta yau) suka ƙone a 1767, kangayen jan bulo da ake zagayawa a kan keke. Sannan jirgin dare zuwa Chiang Mai, kimanin kilomita 750, wajen awa 13. Wannan jirgin shi kansa dalili ne na zuwa. Kuna zaune fuska da fuska kuna hira, sai ma'aikaci ya zo bayan an yi duhu, ya ja kujerun biyu su zama gado, ya sauko da na sama daga bango, ya shimfiɗa farin zane, ya rataya labule, duk cikin minti biyu. Gari na wayewa kuna cikin duwatsu da hazo. Gadon ƙasa ya fi faɗi kuma shi ke da taga. Na sama ya fi araha, amma fitila ba ta mutuwa kuma sanyin na'ura na dukansa. Sabon jirgin yana da tarago na mata da yara zalla. Chiang Mai ɗin birni ne da Sarki Mangrai ya kafa a 1296, har yau ragowar ganuwa da ramin ruwan da ya kewaye ta suna nan, kuma daga can ake hawa Doi Inthanon, dutse mafi tsawo a ƙasar, mita 2,565. A kudu kuma ga duwatsun farar ƙasa da suka tsaya cak a cikin teku, da Railay wadda ba a isa gare ta sai a kwalekwale mai inji.

Abin kallon Maleshiya bai kai wannan girgiza zuciya ba, kuma ba zan yi kamar ya kai ba. Kuala Lumpur birni ne na zamani. In kun ga tagwayen benayen Petronas masu tsawon mita 452, kun hau matakala 272 ta kogon Batu, kun shiga gidan adana kayan fasahar Musulunci da ke kusa da Masjid Negara, kwana uku sun ishe ku. Daɗinta yana wajen birnin. Melaka, awa biyu a bas, ita ce daular Musulunci da ta riƙe mashigin tekun nan a ƙarni na 15, kafin Fotugal ta ci ta a 1511, Holan ta karɓe a 1641, Ingila ta gaje ta. Duk waɗannan suna nan a jikin gine-gine, har da masallacin Kampung Kling mai hasumiya irin ta gidan bautar Sinawa, a titi ɗaya da wurin ibadar Hindu da na Sinawa. George Town, wadda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi tare da Melaka a 2008, gari ne da ake ci da ƙafa. Tsaunukan Cameron suna da gonakin shayi da sanyin da sai an sa rigar sanyi da dare. Taman Negara kurmi ne na gaske, da gadar igiya a saman itatuwa da matsattsaku a ƙasa. Ga masu son teku akwai tsibiran Perhentian a gaɓar gabas, inda ake ganin kunkurun ruwa ba tare da an yi nisa da gaɓa ba. Kota Bharu kuma, da kasuwar Siti Khadijah wadda mata ke riƙe da ita, za ta nuna muku rayuwar Malayawa ba wadda aka shirya wa baƙi ba.

Wajen zirga-zirga Maleshiya ta fi sauƙi, dalili kuwa ƙanƙanta da harshe. Zirin ƙasar bai da faɗi: daga babbar tashar TBS da ke Kuala Lumpur bas na zuwa ko'ina, jirgin lantarki na ETS na kai ku Ipoh cikin awa biyu da rabi, Butterworth cikin wajen huɗu, ku tsallaka zuwa George Town a jirgin fito. Ba za ku taɓa ɓatar da yini guda cur a hanya ba sai kun so. Ana jin Turanci kusan ko'ina, ana rubuta Malayanci da baƙaƙen boko, kuma Bahaushe zai gane Ahad, Khamis, Jumaat da Sabtu a jadawalin mota ba tare da an fassara masa ba. Hatta soket ɗin wuta mai baki uku ne irin na Najeriya. Tailan doguwa ce. Arewa da kudu sun yi nisa, sai an ratsa Bankok, kuma Krabi ba ta da jirgin ƙasa. Ko bas na dare, ko jirgi zuwa Surat Thani a ƙarasa a mota, ko jirgin sama. Rubutunsu ba ya karantuwa ga baƙo. A wuraren da baƙi suka yi yawa ciniki ba ya ƙarewa, da mai tuk-tuk (keke-napep ɗinsu), da mai tasin da ya ƙi kunna mita, da mutumin kirkin da zai tare ku ya ce fadar sarki a rufe take yau, ku zo ya kai ku wani wuri. Ba a rufe take ba. Manhajar kiran mota ta Grab na aiki a ƙasashen biyu kuma tana kashe yawancin wannan. A nan ne yawan ayari ke da muhimmanci: mutum huɗu mota ɗaya ce da ɗaki biyu, na biyar ɗin shi ke sa a nemi babbar mota da ƙarin gado kullum.

Maganar babur sai na ja kunne. A garin Pai na arewa da tsibiran Tailan kowa na hayar babur, arahar banza, kuma duk wanda ya taso yana hawa a gida zai ga ba wani abu ba ne. Ƙasashen biyu ta hagu ake tuƙi, hannunka da idonka sun saba da dama, kuma a kwana ko shataletale ne jiki ke komawa ga abin da ya saba. Hanyar Chiang Mai zuwa Pai kwana 762 gare ta. Tailan na cikin ƙasashen da haɗarin hanya ya fi kashe mutane. In ba ku da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa da ya haɗa da babur, inshora ba za ta biya ba. Kuma ko da wasa kada wani ya bar fasfonsa jingina a shagon haya; a ba da kuɗin ajiya da kwafi, in sun ƙi a nemi wani shagon.

Kuɗi: ana yawan cewa Tailan ta fi araha, kuma rabin gaskiya ne. Gadon hostal (masaukin da ake kama gado a ɗakin taro) da ƙananan masaukai sun fi yawa kuma sun fi sauƙi a can, musamman a Chiang Mai. Amma arahar abincin titi da ake yabo ta wanda ke cin komai ce. Mai neman halal yakan ƙara kuɗin mota, wani lokaci ya ƙare a gidan abincin Larabawa ko Indiyawa mai tsada. Kuɗin shiga wurare ma yana taruwa: fadar sarki a Bankok bat (kuɗin Tailan) 500 ce, gandayen daji na gwamnati kuma baƙo na biyan ninki biyar zuwa goma na abin da ɗan ƙasa ke biya. Duk cirar kuɗi da katin waje a ATM ana yankar aƙalla bat 220. A Maleshiya ɗaki ya ɗan fi tsada, akwai harajin baƙi na ringit 10 a kowane ɗaki kowane dare, amma abinci da bas suna da sauƙi, kuma yawancin abin da za ku gani a Melaka da George Town kyauta ne. In aka tattara, ga ayari irin namu, ratar ba ta kai a yanke hukunci a kanta ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ku zo da dala sababbi marasa tabo, manyan takardu sun fi daraja wajen canji, kada ku dogara da katin naira. Ku naɗa amirin tafiya kamar yadda sunna ta koyar, ku naɗa ma'aji daban, kowa ya zuba daidai a asusun mota da masauki, abinci da tsaraba kuwa kowa da aljihunsa. Rigimar kuɗi tsakanin abokai ba a kan manyan kuɗi take farawa ba.

Watan da kuka samu hutu yana iya juya duk abin da na faɗa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu yawancin Tailan na kan ganiyarta, ruwa kaɗan, zafi da sauƙi, sai dai cunkoso da tsada a ƙarshen Disamba. A daidai wannan lokacin damina ke dukan gaɓar gabashin zirin Maleshiya, masaukan Perhentian na rufewa, wasu shekarun har da ambaliya a Kelantan da Terengganu. Sai ku tsaya yamma, ku maye gurbin da tsibirin Langkawi. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu hayaƙin ƙona gonaki na turnuƙe Chiang Mai, mai asma kada ya kusanci wurin. Tsakiyar Afrilu, 13 zuwa 15, bikin Songkran ne, ana watsa wa kowa ruwa a titi, da wayarka da fasfonka. In kuwa hutunku na Yuli ko Agusta ne, gabashin Maleshiya na kan daɗinsa, yayin da tekun Krabi da Phuket ke cikin ruwa da igiya. Sauro mai kawo zazzaɓin dengi yana ƙasashen biyu, kuma da rana yake cizo, gidan sauro ba ya maganinsa sai man shafawa.

Akwai abin da ba a son faɗa, amma ɓoye shi cuta ne. Baƙar fata da koren fasfo suna jawo ƙarin tambaya a ƙofar shiga ta kowacce. A Maleshiya, inda ɗalibanmu suka daɗe suna karatu a jami'o'i, sunan Najeriya ya sha ɓaci saboda aikin wasu tsiraru, kuma za ku iya jin hakan a kallon wani mai masauki. Amma sallama da haɗuwa a sahu ɗaya suna buɗe ƙofofin da ba a zata ba, kuma kusan kowannenmu yana da wani ɗan'uwa ko abokin karatu da ya zauna can da zai yi masa kwatance. A Tailan an saba da baƙi kala-kala, mu'amalar ta ciniki ce, da fara'a, ba ta cika zurfi ba. Ko ina kuka zaɓa, ku buga takardunku a kan takarda, kowa ya san sunan masaukin farko da ranar komawa, ku yi shiga ta mutunci ranar sauka. Kada kowa ya karɓi saƙon wani, ko na wa ne, ko ƙanƙanin ƙunshi ne. Safarar ƙwaya a ƙasashen nan tana iya kai mutum ga hukuncin kisa. Shagunan wiwi da za ku gani a Tailan kada su ruɗe ku, an sake tsaurara dokar a 2025. Sigarin lantarki haramun ne a can, kuma maganar ɓatanci ga gidan sarauta, ko a Facebook ne, tana jawo ɗaurin shekara 3 zuwa 15. A Maleshiya kuma dokokin shari'a na jihohi sun hau kan Musulmi, har da keɓewar namiji da macen da ba muharramarsa ba, don haka ma'aurata su riƙe kwafin takardar aure. Ayarin da ke da mata zai fi sakewa a can: hijabi shi ne shigar yau da kullum, jiragen cikin gari suna da taragon mata. A hostal ɗin ƙasashen biyu a tambaya tun wajen kama ɗaki, domin da yawa maza da mata a haɗe suke, kuma na titin Khao San a Bankok kiɗa da giya ne har asuba.

Ayarin da zan ce wa ya tafi Tailan shi ne wanda ya taɓa fita tare, ya san halin juna a kan yunwa da gajiya, bai wuce mutum huɗu ba, hutunsa ya faɗo tsakanin Nuwamba da farkon Fabrairu, kuma ya zauna tun a gida ya daidaita a kan abin da za a ci da wanda ba za a ci ba. Irin wannan ayarin zai ga abin da Maleshiya ba za ta iya nuna masa ba. Ya kama masauki a Bang Rak kusa da masallacin Haroon da tashar jirgin ruwa, ya yi kwana uku a Bankok da yini ɗaya a Ayutthaya, ya hau jirgin dare zuwa Chiang Mai ya sauka kusa da Ban Haw, sannan ya tashi ta sama zuwa Krabi ya ƙare sauran kwanakin a Ko Lanta ko Ko Yao Noi. Sauran kuwa, Kuala Lumpur, Melaka, tsaunukan Cameron, Ipoh, George Town, sai tsibirin da watan ya yarda da shi. Masu zuwa Tailan su sayi tikitin jirgin dare da zarar biza ta fito, gadajen ƙasa su ke fara ƙarewa.